Haƙƙin Hanya, da Wanda Zai Yafe Shi

Daga cikin mas'alolin da ake tattaunawa a zaurukan malamai na Nima da Mamobi a birnin Akra, bayan an idar da sallar Asuba an shimfiɗa buzaye, akwai na tsarki da na gado, akwai na aure da saki, akwai kuma na ganin wata idan azumi ya ƙarato. Amma akwai wata mas'ala guda wadda babba da yaro, mace da namiji, suke takawa da ƙafafunsu safe da yamma, alhali kuwa ba safai ake jin an buɗe littafi dominta ba, ita ce mas'alar hanya. Da zarar an ambaci cunkoson motoci, ko rumfar biki da aka kafa a tsakiyar titi, ko sharar da ta toshe kwata, sai mutane su ce wannan ai sha'anin majalisar gari ne da 'yan sanda, kamar dai abu ne na duniya tsantsa wanda ba ya shiga littafin ayyukan bawa. Ni kuwa a ganina hanya tana cikin manyan amanonin da za a yi mana hisabi a kansu, kuma nauyinta ya rinjayi na haƙƙoƙi da yawa waɗanda muka fi jin tsoronsu, saboda wani dalili da zai bayyana idan aka biyo ni a hankali.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, wajibi ne a san yadda unguwannin nan suka sami siffar da suke da ita. Kakanninmu matafiya ne. Fataken ƙasar Hausa sun daɗe suna kora jakuna zuwa Salaga, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, suna komawa da goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892 sai jama'arta suka bazu, wasu suka nufi Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934, wasu suka sauka Kumasi, wasu kuma suka gangaro bakin teku. A Akra, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na ashirin, sa'an nan wajen farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai sana'ar shanu, ya nemi fili daga masu ƙasa mutanen Ga, ya sauka a wurin da ya zama Nima. Gwamnatin Turawa, wadda ta auna unguwannin manyan ma'aikatanta da igiya da ma'auni, ta fitar musu da tituna masu faɗi da magudanan ruwa, ba ta yi wa Nima wannan gata ba. Sai ya kasance baƙo ya zo daga Arewa, ko soja ya dawo daga yaƙin duniya na biyu, maigida ya nuna masa wuri ya gina ɗaki, ɗan'uwansa ya biyo shi ya jingina nasa a jikin na farko, har gidaje suka haɗe, ɗan abin da ya rage a tsakaninsu shi ya zama lungu. Babban titin da ya ratsa unguwar ma sai da aka rushe gidajen mutane kafin a fitar da shi. Saboda haka ƙuncin lungunanmu gādo ne, ba zunubin wanda yake zaune a cikinsu yau ba. Abin tambaya shi ne abin da muke ƙara wa wannan ƙunci da hannuwanmu.

Duk wanda ya bi babban titin Nima ranar Laraba, ranar da kasuwa take ci, ba ya bukatar a siffanta masa. Manyan motoci sun sauke buhunan masara da gero da wake da albasa a bakin titi. Mai tebur ya turo teburinsa har ya cinye wurin masu tafiya a ƙasa, su kuma sun gangaro kan kwalta. Direban tirotiro ya tsaya daidai inda ya hango fasinja, ba tare da ya dubi jerin motocin da suka taru a bayansa ba. 'Yan okada suna kurɗawa ta kowace kafa. 'Yan mata masu dako, da manyan tasoshi a ka, suna neman inda za su sa ƙafa. Idan kuma Asabar da Lahadi suka zo, sai sha'anoninmu su karɓi titunan cikin unguwa: suna, ɗaurin aure, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, a kafa rumfuna daga wannan bango zuwa wancan, a jera kujeru, a ɗaura lasifika, a tsayar da samari biyu suna ce wa mai mota, "A yi haƙuri, Alhaji, muna da sha'ani, a zaga ta baya." Alhaji zai iya zagawa. Amma mai naƙudar da aka ɗauko za a kai asibitin Mamobi ko asibitin soja na 37, da motar kashe gobara wadda ba ta da wata bayan da za ta shige ta, su ba a sa su cikin lissafi ba sa'ad da ake haƙa ramin rumfar.

Idan aka yi magana, amsoshin da akan ji ba su da yawa. Wani ya ce ƙofar gidansa ce. Wani ya ce ai yini ɗaya ne. Mafi yawa kuwa su ce hanyar gwamnati ce, ba ta kowa ba. Wannan ta ƙarshe ita ce uwar sauran, kuma ita ce shari'a ba ta yarda da ita ba ko kaɗan.

Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbansa a kan zama bisa hanyoyi. Da suka nuna masa ba su da wurin hira sai nan, bai tashe su ba, sai ya gindaya musu sharuɗɗa, daga cikinsu akwai kame cuta daga masu wucewa, da runtse ido, da amsa sallama. A lura da hikimar wannan hukunci, domin ya shafi samarinmu masu zaman shayi a bakin lungu kamar yadda ya shafi mutanen Madina: an san mutane masu ƙuncin gida ba su da makawa daga bakin hanya, ba a kuwa hana su ba, amma an sanar da su cewa hanyar tana da haƙƙi wanda ya riga zamansu. Haka nan ya tabbata cewa ya ƙidaya kawar da abin cuta daga hanya cikin rassan imani, kuma ya yanke cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya a bar mata kamu bakwai. Fuƙaha'u ba su bar waɗannan asalai a kwance ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wani fasali a cikin Ihya'u don munkarorin tituna, ya lissafa gina dakali da kafa ginshiƙi a hanya, da ɗaure dabbobi inda za su ƙuntata wa masu wucewa, da yanka a ƙofar shago har jini ya ɓata hanya, da zubar da shara da ɓawon kankana, da sakin ruwan indararo a lungu mai ƙunci. Wanda ya karanta wannan fasali yana zaune a Mamobi sai ya yi tsammanin malamin ya zaga unguwar kafin ya ɗauki alƙalami. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma akwai Ibnur Rami, magini ne a Tunis a ƙarni na goma sha huɗu wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigimar gini, ya tara hukunce-hukuncen bango da ƙofa da hanya a littafi guda. Daga irin waɗannan littattafai ne aka san hukuncin farfajiyar ƙofar gida: mai gida ya fi kowa cancantar amfani da ita, ya zauna, ya sauke kaya, ya ɗaure dabbarsa, amma ba mallakarsa ba ce da zai kewaye ko ya gine, kuma amfaninsa yana ƙarewa a daidai inda cutar da mai wucewa ta fara. Wannan ita ce amsar mai cewa ƙofar gidansa ce.

Yanzu ga dalilin da na yi alkawari. Malamai sun raba haƙƙoƙi gida biyu, haƙƙin Allah da haƙƙin bayi, kuma sun yi ittifaƙi cewa na farko tuba ta gaskiya tana kankare shi, na biyu kuwa tuba ba ta cika a kansa sai an mayar wa mai abu abinsa ko an nemi yafewarsa. To, wanda ya ci bashin maƙwabcinsa ya san ƙofar da zai je ya yi sallama. Wanda ya ci iyakar gonar ɗan'uwansa ya san mutum guda da zai durƙusa wa, idan ya rasu ya san magadansa. Amma wanda ya ɗebi taku biyu daga lungu ya ƙara wa shagonsa, ko ya rufe titi daga hantsi zuwa magariba, wa zai nema ya yafe masa? Masu haƙƙin ba su ƙidayuwa: tsohuwar da ta zaga da sanda, makahon da ɗan jagoransa ya ɓata masa hanya, ɗan makarantar da ya makara, leburan da aka yanke wa kuɗin yini, Kiristan da ya ratso daga wata unguwa bai san kowa ba kuma ba zai sake dawowa ba, masu ɗauke da makara da suka karkata gawa don su wuce ta inda katanga ta matso, har da jikokin da ba a haifa ba waɗanda za su gāji lungun a tauye. Kowane ɗayansu abin da aka ɗauke masa kaɗan ne, shi ya sa zuciya ba ta jin nauyinsa; amma ƙanƙantar rabon kowane mutum ba ta rage yawan masu ƙara ba, kuma ranar da za a tsaya ba wanda zai ɓace daga cikinsu. Cewa hanya ba ta kowa ba ce juya gaskiya ne baibai. Ta kowa ce, kuma saboda ta kowa ce ba mai ikon bayar da ita kyauta, ba kuma mai ikon yafe ta a madadin saura, ko limami ne, ko sarkin zango. Hanya kamar rijiyar unguwa take, kowa ya ja gwargwadon gugansa, amma wanda ya ɗora mata murfi da kwaɗo ya zalunci har wanda bai ji ƙishirwa ba tukuna.

A nan tilas in taɓo wani wuri mai wuyar taɓawa, ina kuwa taɓa shi da ladabi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ranar Juma'a masallatanmu sukan cika, sahu ya fito har kan titi. Littattafan Malikiyya sun inganta Juma'ar wanda ya yi ta a harabar masallaci da hanyoyin da suke haɗe da shi idan wuri ya ƙuntata, ba kuwa mai jayayya da wannan. Amma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ba zauren da ba a karanta ta a zangunanmu, ta sa tsakiyar hanya cikin wuraren da aka hana salla a cikinsu. Ingancin salla daban, halaccin toshe wa bayin Allah hanya daban. Lalura ce ta buɗe ƙofar, ita kuwa lalura ana auna ta gwargwadonta. Idan rabin titi ya ishi sahu, ɗaukar dukansa ba lalura ba ce. Idan mintuna kaɗan na huɗuba da raka'a biyu sun isa, barin tabarmi a shimfiɗe ana gaisawa bayan sallama ba lalura ba ce. Idan akwai sarari a babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ga shi nan kusa, ƙin takawa zuwa can ga mai lafiya shi ma abin dubawa ne. Musulmi wajen kashi ɗaya ne cikin biyar na mutanen Gana, kuma da yawa daga sauran ba za su taɓa shiga masallaci ba. Abin da za su sani game da addininmu shi ne abin da suka gani ta tagar mota. Masallatan da suke tsayar da matasa su bar wa motoci kafa ɗaya, su kuma naɗe shimfiɗu da zarar an sallame, suna yin wa'azin da ba a yi shi a kan mumbari ba.

Sai batun majalisa. Tun 1988 aka kafa tsarin majalisun gundumomi a Gana, dokar da take tafiyar da su yanzu kuwa ta 2016 ce. A 2018 aka yanko sababbin majalisu daga babbar majalisar birnin Akra, Nima ta faɗa cikin Ayawaso ta Gabas, Mamobi cikin Ayawaso ta Arewa. Akwai masu cewa, wasunsu kuwa da kyakkyawar niyya, dokokin wannan majalisa ba shari'a ba ne, wanda ya saɓa musu ya saɓa wa gwamnati ne kawai, idan ya kuɓuce wa tara ya kuɓuta. Ga abin da nake roƙon su duba. A 1974 Gana ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma ta dama. Ba aya ba hadisi da ya zaɓi hagu ko dama. Amma daga ranar da jama'a suka haɗu a kan dama, wanda ya nace wa hagu zai kashe rai, kashe rai kuwa haramun ne da nassi. Ashe wajibcin bai zo daga sunan wanda ya kafa dokar ba, ya zo ne daga cutar da dokar take tunkuɗewa. Haka jar fitila take, haka hana tsayawa a mahaɗa, haka neman izini kafin a rufe titi. A garuruwan Musulunci na dā akwai muhtasibi, wanda aikinsa shi ne duba mudu da sikeli da tsabtar kasuwa da faɗin hanya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji cikin abin da ke wuyan shugaba. Wannan aiki bai faɗi ba don an sake wa kujerar suna. Duk wanda yake zaune a kanta, matuƙar abin da ya umarta maslaha ce ta jama'a, bin sa a wannan babi cika alkawarin zaman tare ne, Musulmi kuwa an san shi da cika alkawari.

Sai dai amana tana da baki biyu, kuma zan kasance na tauye gaskiya idan na tsaya a kan talaka kaɗai. Matar da take sayar da koko da ƙosai a bakin titi ba ƙeta ce ta fito da ita ba, marayun da take ciyarwa ne suka fito da ita, kuma ba ta da kuɗin kama shago. Idan majalisa ta karɓi kuɗin tikiti daga hannunta da safe, sa'an nan ta aiko a kife mata tukunya da sunan share hanya, ba tare da ta nuna mata inda za ta koma ba, to ta haɗa mata zalunci biyu. Shi ya sa ma korar masu talla da akan yi a Akra lokaci bayan lokaci ba ta daɗewa, domin yunwa tana mayar da mutum inda aka kore shi. Idan kuma doka ta faɗa kan teburin koko ta tsallake katangar mai hali wadda ta ci lungu, ko motarsa da take kwana a kan titi, mutane za su koyi cewa doka sanda ce ta dukan marar gata, kuma ba wa'azin da zai cire musu wannan daga zuciya. Ƙa'idojin hanya na 2012 sun hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma samari masu yawan gaske suka ci gaba da cin abinci da shi a gaban kowa shekara da shekaru. Dokar da kowa yake karyawa a fili tana zubar da mutuncin sauran dokoki masu kyau. A 2017 an kafa asusun raya zanguna. A ganina babu abin da ya fi cancanta a kashe irin wannan dukiya a kansa kamar rumfunan kasuwa masu sauƙin haya, da wurin sauke kaya a wajen titi, da magudanan ruwa.

Na ambaci magudana don hanyar ruwa ita ma hanya ce. Babbar kwatar nan da take tsakanin Nima da Mamobi ba ta san akwai majalisu biyu ba. Abin da aka zuba mata a sama shi take kaiwa ƙasa, ta miƙa wa rafin Odo. A daren 3 ga Yuni, 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutane fiye da 150 suka halaka. Sabubban wannan musiba suna da yawa, ba na kuwa ɗora ta a kan unguwa ɗaya. Amma toshewar magudanai tana cikinsu, kuma wanda yake jiran hadari ya haɗo don ya juye shararsa a kwata, yana cewa ruwa zai tafi da ita, ya kamata ya tambayi kansa ƙofar wa ruwan zai kai ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke raina kujerar wakilin unguwa. Zaɓen shugaban ƙasa yakan tashi zango duka, amma zaɓen wakilan majalisa da na kwamitocin unguwa, wanda ba a yin sa da tutar jam'iyya, mutane kaɗan ne suke fitowa, alhali wannan wakili shi ne zai tsaya a zauren majalisa ya ce lungu kaza ya toshe, mahaɗa kaza tana cin yara 'yan makaranta. Gyaran hanya farilla ce ta kifaya: idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki alhaki. Ina fatan malamanmu, waɗanda jama'a suke jin maganarsu fiye da ta kowane ma'aikaci, za su riƙa sanar da taron majalisa a masallaci kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure, su kuma tura almajiransu masu ilmin zamani su tsaya takarar wannan kujera.

Akwai mutum ɗaya da ba zan rufe magana ban ambace shi ba, shi ne wanda aka yi wa rasuwa yana zaune a ɗaki guda na haya, ga masu ta'aziyya sun zo daga Ashaiman da Madina ta Akra da Kumasi, ba shi da tsakar gida, ba shi da kuɗin kama zaure. Wannan ba a ce masa azzalumi ba idan ya fito da kujeru waje. Abin da ya wajaba shi ne limamai da sarakunan zango da wakilan majalisun biyu su zauna wuri guda, su keɓe filayen makarantu a ranakun hutu da harabobin masallatai don zaman makoki da suna, su ƙayyade titunan da ba za a taɓa rufewa ba saboda asibiti da motar gobara, su kuma yanke cewa inda ba makawa sai an kafa rumfa, a bar kafar da mota ɗaya za ta wuce, a sanar da maƙwabta tun daren jiya, a kwashe kafin magariba. Sai an ba shi wurin zama sa'an nan a iya hana shi titi, kuma fara wannan aiki yana hannun waɗanda makullan filayen suke wurinsu.